Aro Mai Wa'adi: Yadda Na'urori Ke Sanin Wanda Ke Nan



Duk wanda ya taɓa aiki a ofis ya san wannan takaici: ka tura takarda zuwa firinta, kwamfuta ta nuna maka cewa firintar tana nan, alhali kuwa tun ɗazu wuta ta ɗauke a ɗakin da take. Kwamfutar ba ƙarya ta yi maka ba, tsohon labari take riƙe da shi. To, a inda wayoyi da kwamfutoci ke shiga suna fita kamar 'yan kasuwar ƙauye, yaya kowace za ta san wadda ke nan da irin aikin da take iya yi?

A shekarar 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da tsarin Jini. A cikinsa akwai rajista, inda kowace na'ura ke rubuta sunanta da aikinta, amma aron gurbi ake ba ta na ɗan lokaci. In wa'adin ya cika ba ta dawo ta sabunta ba, sai a share sunanta.

Kamfanin Apple kuwa, a 2002, ya kawo Rendezvous, wanda ya koma Bonjour a 2005. Nan babu rajista sam. Kwamfuta ce ke yin shela ga kowa: wa ke buga takarda? Firinta ta amsa da sunanta da adireshinta, ta kuma faɗi tsawon lokacin da za a riƙe amsar. Ga adireshi, ƙa'idar ta ba da shawarar daƙiƙa 120. In za ta tafi takan yi sallama, wato ta aiko da wa'adin sifiri, kowa ya goge ta. Sai dai wadda wuta ta ɗauke mata ina ta ga zarafin sallama? Wa'adin nan ne zai fitar da ita daga lissafi.

Wahalar tana wajen yanke tsawonsa. In ya yi gajere, na'urori su cika hanya da tambaya da amsa, batirin waya ya ƙare a banza. In ya yi tsawo, a yi ta aika aiki ga wadda ba ta nan. Ni dai a ganina, a ofisoshinmu da wuta ke zuwa tana komawa sau da yawa a yini, gara a gajarta shi a jure surutun, domin takardar da ta maƙale tana iya zama ta albashin wani.