Ilmin Yawon Buɗe Ido: Ina Rabon Talaka A Ciki?

Wannan lacca ce da aka yi wa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Mun buga ta domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Iyayena da 'yan'uwana, na gode da kuka rufe rumfunanku kuka zo.

Kwanan baya wani dattijo, baduku, ya zo mini ransa a ɓace. Ɗansa ya sami shiga jami'a, amma wai ilmin yawon buɗe ido zai karanta. Ya ce, "Malam, yawo ma sai an koya wa mutum? A kan wannan zan sayar da akuyoyina?" To, amsar da na ba shi ita zan ba ku yau.

Da fari dai ku sani wannan abu ciniki ne. A 1841 wani Bature, Thomas Cook, ya ɗebi mutum wajen 500 a jirgin ƙasa daga Lesta zuwa wani gari kusa da nan, a Ingila, kowa ya biya sule ɗaya, zuwa da komowa. Daga nan sana'ar ta kama girma, har a 2019 aka ƙidaya tafiye-tafiyen baƙi masu ƙetare iyakar ƙasa kusan miliyan 1,500. Kowane baƙo kuwa sai ya ci, ya kwana, ya hau mota, ya sayi tsaraba.

To, me ake koya wa yaro a aji? Zan kawo muku abu uku.

Na ɗaya, wurin yawo yana da ƙuruciya da tsufa. Wani malami, Richard Butler, ya bayyana haka a 1980. Da fari baƙi kaɗan ke gano wurin. Sa'an nan mutanen gari su fara sayar musu da abinci da ba su masauki. Sa'an nan manyan kamfanoni su shigo su gina otal-otal, ciniki ya fita daga hannun 'yan gari. Daga baya wuri ya cika, ya ƙazantu, baƙi su daina ƙaruwa. A nan ko dai a gyara shi ya farfaɗo, ko kuwa ya mutu.

Na biyu, haƙurin mai masauki yana da iyaka. Mu mukan ce baƙonka annabinka, amma wani malami, George Doxey, ya nuna a 1975 cewa mutanen gari sukan fara da murna, su koma ko oho, su koma jin haushi, su ƙare da ƙiyayya. Ga shaida: a 2024 birnin Benis na Italiya ya fara karɓar Yuro 5 a wasu ranaku daga hannun masu zuwa su wuni su tafi, don cunkoso ya ishi mutanensa.

Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne yoyon kuɗi. Baƙo ya biya kuɗin jirgi tun a ƙasarsu, ya sauka a otal na kamfanin waje, ya ci abincin gwangwani da aka yi odarsa, ɗan rakiya ya kai shi kanti guda inda yake da la'ada. Marini da baduku da masaƙi, waɗanda dominsu ya zo, sai hoto aka ɗauke su. Watau kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Amma idan kuɗin ya faɗa hannun baduku, zai kai wa majemi, majemi ya kai wa mahauci, mahauci ya kai wa mai kiwo. Kuɗi guda ya ciyar da gida huɗu.

Amfanin ilmi kuwa aiki da shi. Makarantar koyon aikin otal ta Lozan, a Suwizalan, wadda aka kafa a 1893, takan sa ɗalibanta aikin kicin da gyaran ɗaki da hannunsu kafin su zama manajoji. Kenya ma ta buɗe Kwalejin Utalii a Nairobi a 1975 don 'ya'yanta su riƙe sana'ar da kansu. Ɗalibin kirki sai ya shiga kasuwa da littafinsa, ya ƙirga baƙi, ya tambayi abin da suka saya da wanda ya amfana.

Mu ma muna da abin nunawa. Gasar kamun kifi ta Argungu, wadda ta soma a 1934, ta shiga littafin Hukumar UNESCO a 2016, Hawan Sallar Kano kuma a 2024. Amma kada mu ruɗu, wannan ciniki matsoraci ne. Agadas ta ga yadda baƙi suka janye bayan rikicin 2007, kuma a 2020 annobar korona ta rage matafiyan duniya da fiye da kashi 70 cikin 100. Saboda haka kada kowa ya saki sana'ar ubansa ya dogara ga baƙi kaɗai.

Na ce wa dattijon nan ya bar yaro ya tafi, amma da sharaɗi: duk hutu ya komo rumfa, ya lissafa masa ribar kowace jaka, ya nemo hanyar da baƙo zai iso gare shi ba tare da dillali uku a tsakani ba. Idan ba 'ya'yanmu suka iya wannan lissafi ba, 'ya'yan wasu za su yi mana shi, kuma ba don amfaninmu ba.

Allah ya sa albarka a kasuwa.