JAWABI A KAN CIMAKAR DA ZA MU KAI RUMBUN TAIMAKO KAFIN SALLA

Shugabannin ƙungiya sun ɗora mini nauyin in yi muku bayani a kan cimakar da za mu tara kafin salla, wadda za mu karɓa da wadda za mu mayar wa mai ita.

Mu mutanen Kurfai ba a koya mana mene ne yunwa. Kakanninmu sun ba mu labarin farar 1931. Manyanmu da ke zaune a nan sun ga fari na 1973 da na 1984, lokacin da shanu suka zube tun daga Abala har Filinge. Matasanmu sun ga 2005, da fari da fara suka haɗu. Gwamnati ta kafa OPVN tun 1970 don ajiyar cimakar ƙasa, amma kun sani kafin mota ta taso daga Yamai, maƙwabci shi ne mai fara kai ɗauki. Dalilin rumbunmu ke nan.

Da farko mu raba abu biyu. Zakkar fidda kai daban, sadakar rumbu daban. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce a kan kowane mutum na gida, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da aka fi ci a gari. A wurinmu hatsi ne. Ana ba da ita hannu da hannu ga mabukata kafin sallar idi, ba a kulle ta a rumbu. Abin da mutum ya ƙara bisa wannan don Allah, shi ne za mu ajiye har damina, lokacin da rumbunan gida suka ƙare, ga noma ya kama, ga hatsi ya yi tsada a kasuwa.

To, me za a kawo?

Na ɗaya, hatsi da dawa. Su zama tsaba, busassu, an sheƙe su, babu tsakuwa babu ƙasa. Kada a kawo gari. Garin hatsi ba ya daɗewa, ƴan kwanaki kaɗan sai ya canza wari.

Na biyu, wake. Shi ne naman talaka, yana gina jikin yara da mata masu ciki. Amma ƙwari na son shi. Wanda ya ga huji ko farin ƙwai a jikin wakensa, ya ci shi a gida, kada ya lalata na jama'a. Mai kyau za mu zuba a buhun PICS mai riɓi uku, wanda ke hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da magani ba.

Na uku, mai, gishiri mai sinadarin ayodin, da sukari. Mai ya zo a rufe, kuma samari masu karatu su duba ranar da aka rubuta a jikin galan. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa ma muna so, domin tuwo ba ya tafiya sai da miya.

Ga kuma abin da ba za mu karɓa ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci, domin tana da dafi mai cutar hanta. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa. Irin shuka da aka cuɗa da magani, wannan guba ce, ko an wanke. Sai kuma abincin nan na leda da likita ke bai wa yara masu tamowa. Magani ne, na yaron da aka rubuta wa ne, ba na rumbu ba.

Wani zai ce, ai kyauta ce, mai karɓa ba ya zaɓe. Ƴan'uwa, malamai sun tuna mana aya ta 267 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum ya nufi mummunan abu don sadaka, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Awon mai sauƙi ne: abin da ba za ka sa a tukunyar uwarka ba, kada ka aika wa marayu. Tiya ɗaya mai kyau ta fi buhun da zai ɓata sauran.

Kada mu manta da baƙinmu da rashin tsaro ya koro daga garuruwansu. Da yawa sun bar gonaki da rumbuna a baya. Su da gwagware, tsofaffi da marayu ne farkon layi. A kai musu gida da dare, ba a kira sunan kowa a bainar jama'a.

Za a auna kome a gaban shaidu, a rubuta a littafi, mata kuma su ne za su duba tsabar, don sun fi mu ido.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.