Kada Mu Raina Darasin Guduma Da Zarto

Jawabin wakilin 'yan kasuwar kayan gini a taron iyayen yara na unguwar Sabo, Ibadan

   

An nemi mu 'yan kasuwar kayan gini mu ce wani abu a kan darasin nan na fasaha da ake koya wa yaranmu a ƙaramar sakandare, daga aji 1 zuwa aji 3. Mu dai iyakar karatunmu Islamiyya, daga nan sai kasuwa. Amma mun yi shekara sama da 30 muna cikin siminti da rodi da katako, muna hulɗa da birkiloli da kafintoci da masu walda, don haka mun ga abin da rashin sani yake yi wa jiki da kuma aljihu.

Darasin nan ya shigo ne da tsarin 6-3-3-4 wanda aka fara aiki da shi a 1982. A lokacin yara na kiransa Intiro Tek, daga baya ya koma Bezik Tek, kuma sunan ya sha canji. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashe irin su Bulgeriya da Hungari, amma a makarantu da yawa cikin akwatunansu suka yi tsatsa, ba wuta, ba ɗakin girka su, ba wanda ya iya su. Wannan laifin hukuma ne. To amma mu ma iyaye da namu rabon. Yaro zai dawo ya ce an ce ya kawo guntun katako da ƙusa, sai uba ya ce, ni na kai ka boko ne don ka zama lebura? Wannan magana muke so mu gyara yau.

Abu na farko da ake koya musu shi ne yadda mutum zai shiga wurin aiki ya fito da yatsunsa goma. Ƙa'idojin ba su da wuya. Ba gudu, ba wasa, ba kokawa a ɗakin aiki. Ba a taɓa inji sai malami na tsaye. Ba a shiga da silifa, sai takalmi sau-ciki, saboda ƙusa da faɗuwar ƙarfe. Mai ko ruwa ya zube a ƙasa, a goge nan take. In za ka miƙa wa ɗan'uwanka zarto ko wani abu mai kaifi, ka ba shi ta wajen mariƙi. Guduma mai girgiɗi ba a aiki da ita. Kowane abu da aikinsa, sukudireba ba ta zama abin sassaƙa, filaya ba ta zama sifana.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta fi shafar mu Hausawa, ita ce ta tufa. Mu mutane ne masu son riga mai yalwa da dogon hannu, 'ya'yanmu mata kuma da dogon hijabi. To inji mai juyawa ba ya tambaya. Da zarar bel ko ƙarfen da ke juyi ya kama bakin tufa, sai ya ja mai ita gaba ɗaya. Iyayenmu mata sun san wannan, don ko a injin markaɗe an sha gani. Saboda haka in malami ya ce a naɗe hannun riga, ko a tattare hijabi a cusa shi cikin rigar aiki, kada mu ɗauka cin fuska ne. A ɗinka wa yarinya gajeren hijabi mai kama kai don ranar aikin hannu, ga sutura ga tsira.

Ana kuma koya musu abin da za a yi in tsautsayi ya afku, kuma nan ne muke so manya ma su saurara. Wutar fetur ko ta lantarki ba a watsa mata ruwa. Fetur yana hawa kan ruwa ya bazu, ruwa kuma yana ɗauko lantarki ya kawo wa mai watsawa. Yashi ake zubawa, ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara irin wadda ta dace. Wanda lantarki ya kama ba a cafke shi da hannu, a kashe wutar daga tushe, ko a ture shi da busasshen katako. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta isa ta kashe ƙato. Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi kamar minti 20, ban da manja, ban da ƙwai, ban da man goge baki. Ruwan batir ko siminti ya faɗa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta sannan a nufi asibiti. Ƙusa ta soki yaro, a wanke a kai shi allurar tetanus, kada a tsaya ga ɗiga baƙin mai. Hasken walda kuwa, kallonsa ba gilashin kariya shi ke sa mutum ya kwana ido na ruwa kamar an zuba masa yashi. Janareto kuma ba a tayar da shi cikin ɗaki ko lungu rufaffe, don iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mutane kan kwanta ne kawai ba su tashi ba.

Ku duba fa, yawancin yaranmu ko ba su zarce da karatu ba wurin aikin hannu za su ƙare. Wani a garejin makanike a Agodi Get, wani a wurin masu yanka katako a Bodija, wani yana ɗaukar kwanon kankare a wurin gini, wani kuma jari-bola yana fasa tsofaffin batura da hannu tsirara alhali dalma guba ce. Ogan da za mu danƙa wa yaro sau da yawa shi ma bai koyi ƙa'idar nan ba, da tabo ya koya. Ashe kuwa shekaru ukun nan na ƙaramar sakandare su ne kaɗai damar da wani yaron zai samu ya ji ta a tsare. Rigakafi ya fi magani.

Abu na biyu shi ne sanin kayan aiki, wato katako da ƙarfe da roba da gilashi da tangaran da kayan gini. A nan ne mu 'yan kasuwa muke da ta cewa. Ana nuna wa yaro cewa katako iri-iri ne. Loko, wanda Yarabawa ke cewa iroko, yana da ƙarfi, gara ba ta cika damunsa ba, shi ya sa ake ƙofa da taga da shi. Obece fari ne mara nauyi, ya dace da aikin cikin ɗaki, amma ba ya jure ruwa. Ɗanyen katako kuwa in aka yi aiki da shi, yana bushewa sai ya kantare ya tsage. Ana nuna masa ƙarfen da mayen ƙarfe ke kamawa, shi ne mai tsatsa, da wanda ba ya kamawa, irin su jan ƙarfe da alminiyon. Kowa ya hau tudun Mapo ya ga rufin garin nan ja-ja-wur. Dalili shi ne kwanon rufi baƙin ƙarfe ne aka shafe da tutiya, in ruwan sama ya cinye shafen sai tsatsa ta kama. Yaron da ya san wannan ba za a sayar masa da siririn kwano a kuɗin mai kauri ba. Zai kuma gane abin da ya sa wayar wuta ta kirki jan ƙarfe ce, ita kuwa mai araha da aka yi wa wanka da ruwan jan ƙarfe ita ke ɗaukar zafi ta tayar da gobara.

Siminti buhunsa kilo 50 ne. Ba a ajiye shi a ƙasa, sai kan katako nesa da bango, musamman a nan kudu da danshi ya yi yawa. In ka ji duwatsu a ciki waɗanda ba su murƙushewa da yatsa, ya sha iska, ƙarfinsa ya tafi. Kankaren da aka saba yi wa ginshiƙi da dekin na ƙaramin gida, awo 1 na siminti ne, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Bayan an zuba a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. Yashi mai laka yana kashe siminti, gwajinsa kuwa ko ɗan aji 1 zai iya, a zuba a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, lakar za ta kwanta a sama kowa ya gani. Buhun da ya kamata ya ba da bulo mai inci 9 wajen 30, wani sai ya matsa masa ya haifi 50, ka kankare da farce ka ga yashi na zuba. Rodi tsawonsa mita 12 ne, amma akwai wanda ake kira mai milimita 12, in an auna bai kai ba. Mu da ke cikin kasuwar mun san da haka, kuma mun san abin da ke raya wannan ha'inci shi ne mai saye da bai san komai ba sai neman araha. Araha kuwa ba ta ado.

Abin ba a asarar kuɗi ya tsaya ba. A watan Maris na 2019 bene ya rufta a Ita Faji cikin Legas da makarantar firamare a samansa, mutum kusan 20 suka rasu, da yara a ciki. A Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya faɗi a Ikoyi, ya ci sama da mutum 40. A Yulin 2024 wata makaranta ta rufta a Jos, aka rasa rai 22, yawancinsu ɗalibai. Mu nan Sabo tun 1916 muke zaune, fili ya ƙare, iyali na ƙaruwa, kowa sama yake kallo. Ana ɗora bene a kan harsashin da kakanninmu suka haƙa don ɗaki ɗaya. In a kowane gida akwai yaro ɗaya da zai iya ce wa mahaifinsa, Baba bulon nan ba shi da kyau, Baba a kira injiniya ya duba harsashin nan tukuna, to kuɗin makarantar ya fita.

Ga abin da muke roƙo. Na farko, iyaye mu daina ƙyashin kuɗin aikin hannu. Rigar aiki da takalmi sau-ciki ba su kai kuɗin ɗinkin yatsa a asibiti ba. Na biyu, ƙungiya ta naɗa mutum uku ko huɗu su zaga makarantun da yaranmu suka fi yawa, su gana da shugabannin makarantun cikin ladabi, su ga ko akwai ɗakin aiki, da akwatin taimakon gaggawa, da bokitin yashi. Inda babu, mu haɗa hannu da sauran iyaye Yarabawa maƙwabtanmu, don 'ya'yansu ma a ɗakin suke.

Na uku, darasin nan da Turanci ake yin sa, in malami zai ƙara bayani sai ya juya Yarabanci, yaron da bai ƙware a ko ɗaya ba sai ya haddace ya zuba a jarrabawa bai san me ya faɗa ba. Muna da birkiloli da kafintoci da masu gyaran wuta a cikinmu. A lokacin dogon hutu a ware yammacin Alhamis, tunda ba Islamiyya, su zauna da yara su yi musu bayani da Hausa, abu a hannu. Mu 'yan kasuwa mun ɗauki alkawarin kawo samfuri kyauta, guntayen katako da rodi da waya da kwano da bulo, mai kyau da mara kyau, a jera yaro ya taɓa ya bambance. Da maza da mata duka, don mace ma tana gina gida, ita ce kuma ke yini da risho da gas da soket.

Na huɗu, kafin mu kai yaro koyon sana'a mu je da ƙafarmu mu ga wurin. In mai walda ba shi da gilashin ido sai tabarau na kwalliya, in wayoyi tsirara suke kwance a ƙasa, a nemi wani ogan. Yaron da kuma aka ga hannunsa ya faɗa, kada a tsaya nan. Akwai kwalejojin fasaha na gwamnati, akwai jarrabawar NABTEB, ga Folitaknik ta Ibadan a bayan gidanmu tun 1970.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, abin da malami ya hana a ɗakin aiki, don wani ya taɓa jin ciwo a kansa ne. Ku riƙe shi, ku kuma kawo shi gida ku koya mana, ba za mu ji kunyar koyo daga gare ku ba.

 Allah ya tsare mana zuriya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.