Ƙwaya Ɗaya, Magani Uku: Hattara Da Maganin Mura

Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Ɗambatta a farkon hunturu.



Hunturu ya kama, ga hazo, ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa. Kusan kowane gida akwai mai atishawa, akwai mai jan majina. Mun san abin da ake yi. A aiki yaro kemis, ko a tsayar da mai tallan magani ranar Lahadi a kasuwa, a ce, "Ba ni na mura." Sai ya miƙo Procold ko Mixagrip ko Actifed. Wani ma cewa yake a yi masa haɗi na ɗari biyar, a zubo masa ƙwayoyi kala-kala a leda, ba kwali ba takarda. A kan wannan magani nake son mu yi magana yau.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, ƙwayar nan guda ɗaya ba magani ɗaya ba ce. Biyu ne a ciki, sau da yawa ma uku, kuma kowanne da halinsa.

Na farko shi ne mai tsayar da majina da atishawa. Irinsa ne ke cikin Piriton. A jikin kwali sunansa yakan fara da haruffan CHLOR, a Actifed kuma TRIPRO. Yana busar da hanci, amma yana busar da baki, ya kashe jiki, ya sa gyangyaɗi. To, ku dubi ayyukanmu. Ɗan acaɓa ya sha biyu da safe ya hau titin Kano zuwa Kazaure da fasinja a baya. Direba ya ɗauko lodin shanu daga kara. Mai injin casa yana tura dami da hannu. Masunci yana cikin kwalekwale a dam ɗin Tomas. Rufe ido sau ɗaya ya isa a yi asarar hannu ko rai. Mugun abin shi ne mutum yakan ji kamar garau yake, alhali hankalinsa da hannunsa sun yi nauyi. Wanda zai yi tuƙi ko aiki da inji, ya haƙura da wannan magani sai ya tashi daga aiki.

Wannan maganin yana da wata illa ga dattawa maza, ita ce riƙe fitsari. Dattijon da dama can fitsari ke masa wuyar fita, yana tashi sau da yawa cikin dare, idan ya sha yana iya wayar gari fitsari ya ƙi fita sam, sai an kai shi asibiti an sa masa roba. Haka kuma mai ciwon hawan jinin ido, kada ya sha sai likita ya yarda.

Na biyu shi ne mai buɗe hanci. Sunansa yakan fara da PSEUDO ko PHENYL. Idan mura ta kama mutum, jijiyoyin jinin da ke cikin hanci ne suke kumbura su toshe hanyar iska. Aikin wannan magani shi ne ya matse su. Sai dai ƙwayar da ta shiga ciki ba ta san hanci kaɗai ba, duk jijiyoyin jiki take matsewa. Masu noman rani, kun san abin da ke faruwa idan aka matse bakin tiyo alhali inji yana aiki, ruwa ƙara ƙarfi yake. Haka jini yake yi. Sai ya hau, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hannu ya yi rawa, barci ya ƙi zuwa. In aka bi shi da goro da shayi mai kauri, abin sai ya ƙaru.

Nan ne nake son mu tsaya sosai, domin hawan jini ba ya sallama. Akwai mutane da yawa a cikinmu da ke ɗauke da shi ba su sani ba, don ba su taɓa zuwa an gwada su ba. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, yana ganin lafiyarsa lau. Irin wannan mutum ne zai sha ƙwaya biyu maimakon ɗaya don ya warke da wuri, ya ƙara da rana, ya ƙara da dare. Ba tsoratarwa nake ba. A shekarar 2000 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta nemi kamfanoni su daina sa wani tsohon maganin buɗe hanci da ake kira PPA, saboda an gano yana iya jawo fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, wato abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Waɗanda suka maye gurbinsa sun fi shi sauƙi, amma su ma an gargaɗi mai hawan jini mai tsanani da mai ciwon zuciya da mai ciwon ƙoda kada su sha. Mai ciwon suga ya tambayi likita tukuna. Duk wanda ya haura shekara 40 bai san matsayin jininsa ba, ya je Babban Asibitin Ɗambatta ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a gwada shi. Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar. Wanda kuma ya sha maganin ya ji ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko ganinsa ya dushe, ko ƙirji ya riƙe, ya daina nan take a tafi asibiti.

Na uku shi ne farasitamol, wanda muka fi sani da Panadol. Yawancin magungunan mura suna da shi a ciki. Saboda haka wanda ya sha na mura, ya ɗora Panadol a kai, ya kuma sha haɗin mai kemis, ya sha abu ɗaya sau uku ke nan. Ƙa'idar babban mutum ita ce kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana ɗaya, a haɗa da wanda ke ɓoye cikin maganin mura. Wuce haka yana lalata hanta, kuma ba a ranar ake ganin alama ba. Don haka ni ban yarda da haɗin leda ba ko kaɗan. Wanda ya sha abin da ba shi da suna, in ta ɓaci me zai gaya wa likita?

Iyayena mata, ga naku. Mai juna biyu kada ta sha sai ta tambaya a wajen awo. Mai shayarwa ta sani cewa mai buɗe hancin nan yana rage ruwan nono, mai sa barcin kuma yana iya bi ta nono ya kai ga jariri. Sannan maganar yara. Tun 2009 hukumar magunguna ta Ingila ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 6 ba irin waɗannan magunguna, domin ba a ga amfaninsu gare shi ba, illa kuwa an gani. Raba ƙwayar manya biyu a ba yaro kuskure ne. Ba yaro Piriton don ya yi barci uwa ta samu ta yi aiki, wannan ya fi muni. Wani yaron ma maimakon barci sai ya birkice, in ya yi yawa har ya kai ga jijjiga. Sirof ma ba abin wasa ba ne. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a ƙasar Gambiya bayan sun sha gurɓatattun sirof na tari da mura. Mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun 2018, mu Kanawa mun san ɓarnar da ya yi wa matasanmu.

Wani zai ce, to me za mu sha? Gaskiyar magana, maganin nan ba ya kashe mura, sauƙi kawai yake kawowa. Mura da kanta take tafiya cikin mako guda ko kwana goma. Kafso ja da rawaya ba ya yi mata komai, asarar kuɗi ne. A sha ruwan ɗumi da yawa, a sha citta da lemon tsami, a rufe hanci da ƙyalle wajen sussuka, a huta. Zuma tana rage tari, amma ban da jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Babban mutum mai lafiya da ya ga sai ya sha, ya sayi mai kwali, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya sha daidai yadda aka rubuta, iri ɗaya tak, kuma kada ya wuce kwana bakwai.

Haɗarin ƙarshe shi ne a riƙa ɗura maganin mura a kan abin da ba mura ba. Yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, wannan nimoniya ce, asibiti za a nufa. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da farin abu a can cikin baki alamar mashaƙo ce, wanda ya kashe yara da yawa a Jihar Kano a 2023. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a yi zaton sanƙarau. Tarin da ya kai mako biyu, a je a gwada kaki, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati.

Malamanku sun ce kowa ya zo da kwalin maganin mura da ke gidansa. To, yanzu kowa ya fito da nasa, ya juya bayansa, mu nemo haruffan nan tare. Baba na gaban nan, bari mu fara da naka.