Gyaɗa da tafarnuwa: wace za ka sa a jakar guzuri?

 

Wani baffanmu mai fataucin tumaki ne ya aiko da saƙon murya. Ya ce gardama ta kaure a wata rumfar shayi da ke Suk Libiya, a Umbadda. Wani dattijo ya rantse cewa ƙwayar tafarnuwa ɗaya da safe ta fi tafin gyaɗa amfani a jiki, har ya ce shi da ita yake riƙe kansa in hanya ta yi nisa. Baffa ya ce, "Ɗana, ku da kuka yi karatu, ku raba mana." To baffa, ni ba likita ba ne, aikin jarida na karanta. Amma masana abinci sun daɗe da auna abubuwan nan biyu, kuma awon nasu zan karanto.

A giram 100 na ɗanyar gyaɗa akwai kalori wajen 567, wato ƙarfin da jiki ke ƙonawa ya yi aiki. Akwai furotin, mai gina tsoka, kusan giram 26, da mai giram 49. A giram 100 na tafarnuwa kuwa kalori 149 ne, furotin giram 6 da 'yan kai, mai rabin giram kacal.

Sai dai ko wannan awon ma ya yi wa tafarnuwa alfarma. Don Allah wa ya taɓa zama ya cinye giram 100 na tafarnuwa? Ƙwaya ɗaya kusan giram 3 ce, kalori 4 ke nan. Tafi ɗaya na gyaɗa, giram 30, yana ba ka kalori kusan 170. Kafin ka samu haka daga tafarnuwa sai ka tauna ƙwaya wajen 40. Kafin ka kai ta goma cikinka ya ɗau wuta, abokan tafiya kuma sun koma bayan mota. Mutumin da ke yini bayan dabbobi a rana yana buƙatar fiye da kalori 2,000. Ku yi lissafin da kanku.

Mu a Sudan bai kamata a ba mu labarin gyaɗa ba. Larabawa ma ful sudani suke ce mata. Buhunanta daga Darfur da Kurdufan suka saba fitowa, su bi ta Nuhud da Ubayyid su sauka Omdurman. Ita ce dakwar da ake kwaɓa salatin tumatir da ita, ita ce garin da ke jikin agashe, naman da Hausawa suka koya wa ƙasar nan ci. Kuma in yaro ya rame har tamowa ta kama shi, me ake ba shi a asibiti? Ƙullin nan na Plumpy'Nut, wanda aka yi amfani da shi sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Ƙulli ɗaya giram 92 ne, kalori 500, kuma niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da bitamin. Masana'antar da ke yin irinsa a Khartoum ta ƙone a watan Mayun 2023, makonni kaɗan bayan yaƙi ya ɓarke. Ba a taɓa ceto yaro daga tamowa da tafarnuwa ba.

Kada dattijon rumfar shayi ya ce na ci mutuncinsa. Tafarnuwa tana da nata. In aka daka ta, wani sinadari mai suna alisin yana fitowa, shi ne mai warin nan da yaji. Zafin wuta yana rage shi, shi ya sa ake so in an daka a bar ta kamar minti 10, a kuma zuba ta dab da sauke tukunya. Bincike ya nuna takan ɗan sassauta hawan jini ga wasu masu fama da shi. Na ce ɗan sassautawa, ban ce a ajiye maganin asibiti ba. Tana buɗe wa mutum baki ya ci tuwo ko da miyar ba nama, tana kuma jure tafiya ba ta ruɓe ba. Ga ɗan kasuwa ma haja ce mai kyau, ba nauyi. Amma kayan miya ce.

Inda abin ya fi damuna shi ne kwalara. Kun san yadda ta yi ɓarna a Omdurman a 2025. Idan amai da gudawa suka kama mutum, ruwan jikinsa ke tsiyayewa, kuma awoyi kaɗan sun isa a rasa shi. Tafarnuwa ba ta mayar da ruwan nan. Lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi ana hanyar asibiti. Haka kuma iyayena mata, a daina ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a fatar yaro, tana ƙona fata kamar wuta.

Ita ma gyaɗa ba ta tsira daga laifi ba, kuma nata laifin ya fi ɓoyuwa. Gyaɗar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, ko wadda ruwan sama ya taɓa a bayan mota, tana yin fumfuna. Fumfunar tana haifar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji. Suya ba ta kashe ta duka. 'Yan kasuwa, na san ciwon asara, amma buhun da ya jiƙe kada a gauraya shi da mai kyau. Mai saye kuma ya ɓare ya duba: wadda ta yamutse, ko ta sauya launi, ko ta yi ɗaci a baki, a tofar.

Makiyaya, wannan ta ku ce. Tunkuzar gyaɗa, wadda a nan ake kira ambaz, abinci ce mai kyau ga saniya mai tatsa. Amma in ta yi fumfuna, gubar tana bi ta jikin saniyar ta fito a nono, nonon da 'ya'yanku za su sha. Ku shinshina kafin ku biya kuɗi, ko a Muwailih ne ko a ina. Kuma kada a riƙa ɗura wa dabba tafarnuwa ko albasa da yawa wai don tsutsar ciki, yawansu yana fasa jinin dabba ya raunana ta.

Abu ɗaya saura: yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, tana iya sarƙe shi. A niƙa a dama masa a kunu.

Baffa, in ka koma rumfar, ka gaishe min da dattijon, ka saya masa gyaɗar soye a madadina. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba farashin harawa da dusa a kasuwannin iyaka. A huta lafiya.