Magani Ɗaya, Suna Biyu: Jawabi ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka da Iyalansu

Na san yau ranar ciniki ce, kowa ya bar rumfarsa a hannun yaro, don haka ba zan tsare ku da dogon zance ba.

Aikina jinya, kuma na daɗe ina yin sa a wani ƙaramin asibiti da ke dab da iyaka. Marasa lafiyarmu waɗansu sukan zo da kwalin magani mai rubutun Ingilishi, waɗansu da mai rubutun Faransanci, waɗansu kuma da duka biyun a leda ɗaya. A kan wannan ledar nake so mu yi magana.

Akwai wani magidanci, ɗan kasuwar hatsi, da zazzaɓi da ciwon kai suka kama shi a Maraɗi. Ya shiga farmasi ya sayi Doliprane mai miligiram 1000, yana shan ƙwaya ɗaya sau uku a rana. Da ya tsallako Jibiya, abokin cinikinsa ya tausaya masa, ya ba shi Panadol mai miligiram 500, ya ce ya riƙa shan bibbiyu safe da rana da dare. Mura ta biyo baya, ya ƙara da ƙwayar mura guda biyu kafin ya kwanta. A ganinsa magani uku yake sha domin ciwo uku. Alhali sinadari ɗaya ne a cikinsu duka, wato farasitamol. Ku 'yan lissafi ne, ku tara da kanku: 3000 daga na farko, 3000 daga na biyu, 1000 daga na mura. Miligiram 7000 ke nan a yini guda, kuma iyakar abin da aka yarje wa baligi mai ƙoshin lafiya shi ne 4000 cikin awa 24.

Duk magungunan nan uku na kirki ne, babu na jabu a cikinsu. Haɗuwarsu ce ta yi ɓarna. Abin da ya sa farasitamol ke da ban tsoro idan ya yi yawa shi ne ba ya ihu. Ranar farko mutum zai ji tashin zuciya kawai, ko ma bai ji komai ba. Sai bayan kwana biyu ko uku idanu su yi rawaya, a lokacin hanta ta riga ta jigata. Akwai makarinsa a asibiti, amma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko. Mutumin nan yana da sauran shan ruwa a gaba, ya tashi, sai dai kakar bana ta wuce shi yana kwance.

To, ga abin da nake roƙonku ku riƙe. Kowane magani suna biyu gare shi. Akwai sunan kamfani, wanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe domin a ja hankalin mai saye. Akwai kuma sunan asali, wanda yake ƙasa da shi da ƙananan baƙaƙe, tare da lambar ƙarfinsa. Sunan kamfani yana canzawa idan an tsallake iyaka, kamar yadda naira ke komawa sefa. Sunan asali kuwa kusan iri ɗaya ake rubuta shi a harsunan biyu. Panadol da Doliprane da Efferalgan duk farasitamol ne, kuma yana cikin magungunan mura irin su Procold da Fervex. Wanda bai iya karatun boko ba, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya kwatanta masa ƙananan rubutun kwalayen biyu. Launin ƙwaya ba shaida ba ne: kafso mai ja da rawaya yana iya zama wannan magani yau, gobe ya zama wani dabam.

Mu a makarantar jinya, dangi-dangi ake koya mana magunguna, domin 'yan gida ɗaya halinsu ɗaya, illarsu ma ɗaya. Ibuprofen da diclofenac da asfirin, alal misali, gida ɗaya suka fito. Suna kashe ciwon jiki da na gaɓoɓi, shi ya sa 'yan dako da direbobi ke son su. Amma suna cin bangon ciki, suna wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya yini cikin rana bai sha ruwa sosai ba. Mai gyambon ciki ya nisance su, haka mai juna biyu, balle a watannin ƙarshe. Kada a haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda, kuma kada a bai wa yaro asfirin domin zazzaɓi.

Dangin da ya fi shan wulaƙanci a kasuwanninmu shi ne na masu kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin. Ana sayen kafso biyu ko uku a faranti, a sha, jiki ya ɗan yi sauƙi, a daina. Ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, ranar da aka koma wa maganin sai a tarar ba ya cin su. Saboda girman wannan matsala, a shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa waɗannan magunguna gida uku: na amfanin yau da kullum, na taka-tsantsan, da na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai kowane ya gaza. Mura ta yau da gobe kuwa ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu, kuɗinka kawai ka zubar.

Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sau shida ake shan sa cikin kwana uku, kuma tsakanin sha na farko da na biyu awa 8 ne. Yana son a bi shi da madara ko abinci mai maiƙo, domin ta haka yake shiga jini sosai. A yi gwajin jini tukuna, don ba kowane zafin jiki ne na sauro ba.

Sai dangin da doka ta ɗaure, irin su tiramadol da kodin. Tun shekarar 2018 Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da aka ga yadda ya cinye matasa. Wanda ya ba yaron shagonsa tiramadol don ya jure aiki, ya sani yana iya jawo masa farfaɗiya da jarabar da ba ta sakin mutum cikin sauƙi.

Na san kukan ji haushinmu idan muka tsaya tambaya. Kun bi dogon layi, ga ciwo, ga mu muna sake tambayar sunan da ke rubuce a kati. Ba raini ba ne. Kafin ma'aikaciyar jinya ta miƙa ƙwaya ko ta soka allura, wajibi ne ta tabbatar mutumin ne, maganin ne, adadin ne, ta hanyar da aka rubuta za a ba shi, kuma lokacinsa ya yi. A ɗaki ɗaya sai ka sami Hadiza uku. Idan muka tambaye ku abin da kuka sha kafin ku zo, ku faɗa mana duka, har da jiƙo da sassaƙe, har da abin da maƙwabciya ta bayar. Babu wanda zai yi muku faɗa. Idan wani magani ya taɓa sa ku ƙaiƙayi, ko kumburin fuska, ko sarƙewar numfashi, ku ambata tun ba a tambaya ba. Mace mai ciki ko mai shayarwa ita ma ta faɗa, ko da cikin bai fito ba.

Iyaye mata, a nan nake so ku fi ba ni kunnuwanku. Yaro da nauyinsa ake auna masa magani, shi ya sa muke ɗora shi a sikeli. Coartem mai ƙananan ƙwayoyi, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane karo, mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, babba kuma huɗu. Ruwan magani ma haka ne, kuma a nan iyaka ta sake shigowa. Na Nijeriya yawanci da ɗan kofi ko cokali mai alamar mililita yake zuwa. Doliprane na yara kuwa da ɗan sirinji yake zuwa, kuma lambobin da ke jikinsa kilo ne na nauyin yaro. Uwar da aka ce ta ba da mililita 5, ta ja sirinjin nan zuwa lamba 5, ba abin da aka rubuta mata ta bayar ba. Kowace kwalba a auna ta da ma'aunin da ya zo cikin kwalinta. Cokalin shayi na gida kuwa kowane da girmansa.

Allura kuma, da yawanku kuna ganin in ba a yi ta ba, ba a yi magani ba. Mafi yawan cututtukan da ke kawo ku ƙwaya tana warkar da su. Allurar da aka yi a rumfa da hannun da bai ƙware ba tana iya taɓa jijiyar ɗuwawu, yaro ya tashi yana jan ƙafa. Wadda aka yi wa wani da ita kuma tana ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. A buɗe sabuwa a gabanku.

Idan za ku saya, ku duba ranar lalacewa a gefen kwali. Na Nijeriya ku nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC. Ƙwayar da ta yini a faranti cikin zafin bazara, ko da ta gaskiya ce, ba a san abin da ya rage na ƙarfinta ba. A gida a ajiye magani a inuwa, a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ranar da za ku zo asibiti, a wannan ɓangaren ko a wancan, ku zuba duk abin da kuke sha a leda ku zo da shi, har da kwalin da ya ƙare. Wanda yake da irin wannan leda a rumfarsa yanzu, ya ɗauko ta. Ni da abokan aikina muna nan ƙarƙashin rumfar nan har la'asar, mu karanta ƙananan rubutun tare.