Tafasa Ba Abin Kunya Ba Ce

(Jawabin da wani ɗalibi ɗan Giyawa ya gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai)



Kwanan baya na karanta labarin wata ciyawa a ƙasar Ingila, netil, wadda ganyenta ke da gashi mai harbi, in ya taɓa fata sai zafi da ƙaiƙayi. Duk da haka Turawa sukan sa safar hannu su tsinko ta, su dafa, zafin ruwa ya kashe dafin, su yi miya ko shayi da ita. Har littattafai suka rubuta a kanta. Da na gama karatun sai kunya ta kama ni, domin mu da muke da ninkin wannan ilmi ɓoye shi muke yi.

A garinmu Giyawa, ƙasar Goronyo, ruwan farko na sauka, tafasa sai ta rufe bakin hanya. Mata kan tsinki ganyenta tun yana ɗanye shataf, su dafa, su matse, su kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono. Wannan kwaɗo shi ke riƙe gida a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Har wa yau yana sassauta ciki. A Sudan da Chadi kuwa ruɓar da ganyen ake yi, ana ce masa kawal, yana maye gurbin nama a miya.

Kakata takan ba mu labarin farin 1973 da na 1984. Ta ce ƙarangiya, wadda muke tsine wa in ta maƙale mana a wando, ita aka riƙa sussukawa ana fid da ƙwayarta ana niƙawa. 'Ya'yan hanza kuma, masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Wanda ya yi gaggawa ya cuci kansa.

To, a nan gizo ke saƙa. Tsinkar ganye ba aikin jahilci ba ne. Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, amma ganyen tafasa bakinsa a kewaye yake, na rai-ɗore kuwa mai tsini ne, kuma 'ya'yansa na da guba. Kakata ko da magariba takan rarrabe su. Mu nawa ne a wannan ɗaki za mu iya?

Yau ilmin nan yana cikin haɗari. Maganin feshi na ƙone ganyen a gefen gona, wanda ya tsira kuma ba a amince a ci shi ba. Ɓarayin daji sun hana mata nisa da gari. Tsofaffin da suka sani suna ta ƙarewa, mu kuwa 'yan boko muna toshe hanci.

Roƙona ɗaya ne. Kowa ya je hutu, ya zauna gaban tsohuwar gidansu da alƙalami, ya rubuta sunan kowane ganye, lokacinsa, yadda ake gyara shi da abin da yake magani. Mu tara, mu miƙa wa malaman kimiyya su auna mana. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.